Kimiyya, boko da rabon kwaɗo: amsar wasiƙunku

Wata ɗaliba mai karatun harhaɗa magunguna ta rubuto tana cewa: "Malam, kakata ta ce kimiyya karatun masu ja da ikon Allah ne, ni kuwa a nan hankalina ya kwanta. Shin kalmar ma daga ina ta zo mana?"

'Yata, ki gaishe min da Kaka, ki ce mata ba daga Bature muka samo kalmar ba. Daga Larabci muka aro ta, kuma Turawan ma a wurin Larabawa suka samo sunan da suke kiran ilimin sinadarai da shi. A da, kimiyya na nufin sana'ar masu dafa ma'adanai suna neman mayar da dalma ko tagulla ta koma zinariya, kuma sunan Jabir ɗan Hayyan ne ya fi shahara a wannan fage. Zinariyar ba ta samu ba, amma a garin nemanta aka inganta dabarun tace ruwa da narka ƙarafa. Bahaushe ya faɗaɗa kalmar, ta zama sunan duk ilimin da ake tabbatarwa ta hanyar gwaji da awo.

Ga abin da nake so Kaka ta ji. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafi da Farisanci kan gyaran zuciya, ya sa masa suna Kimiya-yi Sa'adat, wato kimiyyar samun tsira da jin daɗi. A ganinsa zuciya ma kamar ɗanyen ƙarfe take, sai an sa ta a wuta an fitar da dattinta. Babban malamin addini ne ya ari kalmar nan ya yi wa'azi da ita, bai ga aibu ba.

A gida ma muna da misali. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741. A 1732 ya yi rubutu kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A wurinsa hatimi lissafi ne kuma asiri ne. Masana lissafi na yau sun ɗauki lissafin sun bar asirin, ni ma can na karkata, amma shi bai taɓa jin cewa dole ya zaɓi ɗaya tsakanin allo da ƙidaya ba.

Wani malamin firamare kuma ya tambaya ko gaskiya ne "boko" daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito.

An daɗe ana faɗin haka, amma ba haka ba ne. Masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar tamu ce tun asali, ma'anarta abin da ba na gaske ba, na yaudara. Ka tuna amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a kai a madadin ta gaskiya, ka kuma tuna biri-boko. Da Turawan mulki suka kawo makarantarsu da baƙaƙensu, iyayenmu suka laƙaba musu wannan suna don raini da zargi. Shakkar da Kaka ke yi, can ta samo tushe, a zamanin da aka kawo karatun da bakin bindiga, ba a cikin karatun kansa ba.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani matashi ce da ya gama digiri, ya yi shekara uku bai sami aiki ba. Ya ce: "An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, an kuma ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wanne zan bi? Na rasa manufata."

Ɗana, karin magana ba doka ba ce, magani ce, kowace da ciwon da ake ba da ita. Wanda ya yi iyakar ƙoƙari abin ya kuɓuce masa, shi ake tuna wa kwaɗo don kada baƙin ciki ya kashe shi. Wanda ya miƙe ƙafa yana jiran tsammani, shi ake tuna wa zomo. Kuskuren mutane shi ne shan maganin da ba nasu ba: rago ya fi kowa son zancen kwaɗo.

Dubi kalmar da ka yi amfani da ita. "Manufa" daga "nufa" take, wato dosar wani wuri, kamar yadda "mashiga" take daga "shiga". Manufa ita ce inda ka sa gaba, kuma ba a cewa mutum ya nufi wuri sai ya tashi. Da wannan aikatau ɗin dai muke cewa "in Allah ya nufa". Shi ya sa manomi ke sauraron hasashen damina a rediyo, ya zaɓi iri mai saurin nuna, sannan ranar Juma'a ya je masallaci a yi roƙon ruwa da shi. Rubuto ka gaya mini fannin da ka karanta da garin da kake, domin a wasiƙarka ba ka ambaci ko ɗaya ba.