Tambaya da Amsa: An zabge kuɗin masu taɓin hankali a kasafin jiharmu, ina za mu kai kuka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce, kuma ni nake ɗawainiya da ƙanena wanda ya kamu da taɓin hankali shekaru shida da suka wuce. Duk wata ina kai shi sashen masu wannan lalura a babban asibitin jiharmu ana yi masa allura, kuma alhamdu lillahi ya samu sauƙi har ya koma sana'arsa ta ɗinki. Yanzu mun ji cewa a daftarin kasafin baɗi da gwamna ya kai majalisa an zabge kuɗin sashen, har maganin da muke samu da rahusa zai iya yankewa. Mu 'yan uwan marasa lafiya mun fara haɗuwa, amma ba mu san ta inda za mu ɓullo wa lamarin ba. Wasu sun ce tunda akwai sabuwar dokar tarayya, gwamna ba shi da ikon taɓa kuɗin. Gaskiya ne? Kuma me talaka zai iya yi?

Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa ƙaninki lafiya, ya saka miki da alheri.

Waɗanda suka ba ki labarin dokar sun faɗi rabin gaskiya ne. Akwai Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar a watan Janairun 2023 cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya mata hannu. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda asalinta ya koma 1916, lokacin da Turawan mulkin mallaka suke kallon mai taɓin hankali a matsayin wanda za a killace kawai. Sabuwar dokar ta fayyace haƙƙoƙin mara lafiya, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafa wa wannan fanni. Sai dai ba ta yanka wa kowace jiha adadin da za ta kashe ba. A ƙarƙashin sashe na 121 na Tsarin Mulkin 1999, gwamna ne yake gabatar da kasafi, majalisar dokokin jiha kuma ita ke amincewa da shi, tana iya ƙarawa ko ragewa. Saboda haka ƙofar da za ku ƙwanƙwasa tana nan cikin jiharku, kuma tunda daftarin yana gaban majalisa, bakin alƙalami bai bushe ba tukuna.

Ku fara da ganin takardar da idonku. Kada ku dogara da ji-ta-ji-ta, ko da daga bakin ma'aikacin da kuka amince da shi ne, domin ɗan majalisa zai tambaye ku shafi da lamba, in kun rasa amsa kuma shi ke nan ya samu hanyar sallamarku cikin ladabi. Jihohi suna wallafa kasafinsu a intanet, da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk bayan wata uku, musamman tun da Bankin Duniya ya fara ba su tukuicin kuɗi a kan yin hakan daga 2018. Ku nemi wanda ya iya karanta irin waɗannan takardu, ko akanta mai ritaya ne a unguwarku, ya fitar muku da abu uku: abin da aka ware bana, abin da aka saki daga ciki, da abin da aka rubuta na baɗi.

A nan ne nake zaton za ku ci karo da ainihin matsalar. A jihohi da dama kuɗin kula da masu taɓin hankali ba shi da layinsa na kansa. Yana cikin dunƙulallen kason hukumar kula da asibitoci, tare da kuɗin man janareta da gyaran rufin ɗakin haihuwa. Kuɗin da ba shi da suna kuwa, ba a ganin ranar da aka taɓa shi, kuma babu wanda za a kama da laifin ɓatansa. Shi ya sa nake ganin babbar buƙatarku ta wuce a mayar da abin da aka rage. Ku nemi a buɗe wa lafiyar ƙwaƙwalwa layi mai suna da lamba a cikin kasafin, a raba shi gida-gida: na magani daban, na horar da ma'aikata daban, na gine-gine daban. Ku fi matsawa a kan na magani da ma'aikata, domin 'yan siyasa sun fi son ginin da za a yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto, alhali allurar wata-wata ce ta mayar da ƙaninki kan keken ɗinkinsa.

Sai ku rubuta takarda ɗaya, gajeriya, mai ɗauke da waɗannan alƙaluma da sa hannunku, ku kai wa shugaban kwamitin lafiya da na kwamitin kasafi, ku ba ɗan majalisar mazaɓarku kwafi. Ku yi ƙoƙarin kai ta kafin ranar da ma'aikatar lafiya za ta je kare kasafinta, kuma in majalisar tana zaman sauraron ra'ayin jama'a, ku nemi a sa sunanku. Ku tafi da ƙungiyar likitoci da ta ma'aikatan jinya, ku kuma nemi hakimi ko limami mai faɗa a ji ya raka ku, domin a ƙasarmu wanda ya rako magana yakan ƙara mata nauyi. In wani wanda ya samu sauƙi ya yarda ya yi magana da bakinsa, hakan ya fi kowace takarda tasiri, amma fa da yardarsa, kuma bayan ya san cewa gobe zai koma cikin mutanen da za su iya yi masa gori.

Za a ce muku babu kuɗi, kuma akwai asibitocin tarayya. Lalle akwai su, a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma manomin da ke ƙauye ba zai iya biyan kuɗin mota duk wata zuwa wata jiha ba. Tun 1991 manufar ƙasa ta ce a shigar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin asibitocin matakin farko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da tsarin horar da ƙananan jami'an lafiya su gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya su fara magani. Asibitocin matakin farkon nan kuwa a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Ku tuna musu kuma da inda iyalai suke nufa idan asibiti ya gaza: a Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Ga kuma shaye-shaye, wanda binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta ya shafi mutum miliyan 14.3, a shekarar da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Duk gwamnan da ya yi alƙawarin yaƙi da shaye-shaye sannan ya rage kuɗin wurin da ake jinyar waɗanda abin ya taɓa, yana da tambayar da zai amsa.

Yarjejeniyar Abuja ta 2001, wadda ta ce a ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, za ku iya ambatarta, amma kada ku jingina da ita sosai. Jiha tana iya cika wannan kaso a takarda ba tare da ko sisi ya isa sashen ƙaninki ba.

In Allah ya sa an mayar da kuɗin, sauran aiki yana gaba, domin rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsa daga ofishin Akanta Janar daban. Ku riƙa duba rahoton kowane wata uku, kuna rubuta wa kwamishinan lafiya da kwamitin majalisa duk lokacin da kuka ga ba a saki komai ba, ku kuma sa ido idan an kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi ko gyaran fuska a tsakiyar shekara, kamar yadda jihohi suka yi a 2020 lokacin korona. Na baɗin baɗi kuwa, kada ku jira ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, da ake tattaki da riguna masu rubutu. Kafin wannan rana galibi ma'aikatu sun riga sun miƙa ƙiyasinsu. Tun tsakiyar damina, lokacin da ma'aikatar kasafi take aika musu takardar neman ƙiyasi, ya kamata wasiƙarku ta isa teburin babban sakataren ma'aikatar lafiya.

Game da ƙaninki kuma, ki tambayi likitansa tun yanzu wane magani ne zai iya maye gurbin allurar in ta yanke, da inda ake samunsa da farashinsa, domin kada ya tsallake ko wata ɗaya.