Kada ka yi tseren farashi da dila

Ka tambaye ni me zai hana mu rage kuɗin ɗinki tunda masu gwanjo suna kwashe mana mutane. Ba za ka iya da su ba, yaro, kuma ga dalili.

Rigar da ke cikin dila sadaka mai ita ya bayar a Turai ko Amurka. Ƙungiyoyin agaji su sayar wa 'yan kasuwa a kan kilo, a tace, a matse, a sauke a tashar jirgin ruwa ta Duwala a Kamaru, mota ta kawo Garwa. Ba wanda ya biya kuɗin yadi ko na ɗinki. Kai kuwa da kuɗin yadi kake farawa. Wani masanin tattalin arziki na jami'ar Toronto, Garth Frazer, ya fitar da bincike a 2008 cewa daga 1981 zuwa 2000, kusan kashi 40 cikin ɗari na raguwar ɗinka tufafi a Afirka gwanjo ne sanadi. Ruwanda ta ƙara masa haraji a 2016, Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi a 2018. Ƙasa ke nan ta sha wuya, balle shago mai keke biyu.

Ka fara sanin kuɗinka tukuna. Kaftani da wando, rubuta zare, maɓalli, sitati na wuya da hannu, gawayin guga, man keke da allurar da ke karyewa a shadda mai kauri. Hayar shago da kuɗin wuta na wata, raba su da yawan kayan da kake gamawa a watan da ba ciniki, ba watan azumi ba. Nan yara ke faɗuwa: su yi lissafi da cinikin sallah, damina ta zo su rasa na haya. Sannan ka sa ladan hannunka. A ce duka ya kama jaka uku, ka karɓi biyu da rabi don kada mutum ya tafi, kai ka biya shi dala ɗari ta sefa, wato rabin jaka, ya sa riga. Gobe kuma maƙwabcinka ya sauko ƙasa da kai, layin gaba ɗaya ya talauce.

Ka tsaya inda dila ba ta shiga. Ba a buɗe ta a sami babbar riga mai aiki, ko ankon biki, ko turmin atamfa yadi shida da aka yanka daidai jikin mai shi.

Gwanjon ma yana kawo aiki. Rage ƙugu, yanke ƙafar wando, canza zif. Ka sa musu farashi tsayayye, a biya nan take. Ɗinki kuwa karɓi rabi kafin almakashi ya taɓa yadi, kuma daga goma ga azumi ka ƙara kuɗi ko ka daina karɓa, don kayan da ba su fito ranar idi ba sun fi tsada korar mutum.