Katin ɗaurin aure: na takarda ko na WhatsApp?

Tambaya: Assalamu alaikum. Saura wata biyu in aurar da 'yata. Yara sun dage cewa buga kati asarar kuɗi ne, a tura ta WhatsApp ya wadatar. Ni kuma ina jin kamar raini ne ga manya. Wanne ya fi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Yaran suna da gaskiya ta fuskar kuɗi, ke ma kina da taki ta fuskar mutunci. Shawararmu ita ce ki raba waɗanda za ki gayyata kashi biyu. Iyaye, surukai, malamai, mai unguwa da dattawan dangi a buga musu kati, a kai musu hannu da hannu tare da goro da alewa kamar yadda aka saba. Sauran jama'a kuwa a tura musu ta waya. Dattijo ba takardar yake dubawa ba, tattakin da aka yi zuwa ƙofarsa yake gani.

Idan za a buga, girman kati shi ne abin da ya fi taɓa aljihu. Takardar A3 ɗaya, wato babbar takardar bugu mai girman takardar fotokwafi biyu, tana fitar da kati huɗu masu girman A5, ko takwas masu girman A6, wato santimita 10.5 da 14.8. Injin dijital, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, yawanci da takarda ake lissafin kuɗinsa, don haka A6 kusan rabin kuɗin A5 ne. Ki nemi takarda mai kauri, wadda masu bugu ke kira giram 250 zuwa 300. Ƙasa da haka tana lanƙwashewa a aljihun riga. Kati ɗari ko ɗari biyu aikin dijital ne. Babban injin da sai an fitar da aikin a kan farantin ƙarfe kafin ya buga kuwa, sai adadi ya yi yawa sosai yake rage kuɗi.

Ga inda aiki ya fi lalacewa. Launin da ake gani a waya haske ne, na takarda kuwa tawada huɗu ce ake haɗawa, shi ya sa shuɗi mai walƙiya ko ruwan hoda mai kaifi kan fito a dushe. Ruwan zinare kuma ya kan koma rawaya-rawaya mai duhu, sai dai idan an biya kuɗin manna zinare daban. Kada ki yarda a buga duka sai an fitar miki da guda ɗaya kin riƙe a hannu. Sannan haruffan ƙ, ɗ da ɓ: yawancin rubutun ado ba su da su, sai "ɗaurin aure" ya fito da ɗan akwati a madadin ɗ. A sa mutum biyu su karanta sunayen ango da amarya da na iyalan biyu, domin kuskure ɗaya a suna yana nufin sake bugu gaba ɗaya.

Kwanan wata ma a kula. Watan Musulunci ya danganta da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, kwana ɗaya na iya motsawa bayan an riga an buga. A rubuta ranar mako da kwanan watan Turawa ɓaro-ɓaro, da lokaci da sunan masallaci. Muna kuma roƙon a rage sa ayoyin Alƙur'ani a jikin kati, domin bayan biki da yawansu a ƙasa ko a bola suke ƙarewa.

Na waya fa'idarsa a fili take: babu kuɗin takarda, yana isa Yamai ko Kumasi cikin daƙiƙa, kuma idan an ɗage lokaci a gyara a sake turawa. Amma WhatsApp yana matse hoto, ƙananan rubutu su dagule, musamman idan an yi ta ɗaukar hoton allo ana turawa gaba. A tura shi a matsayin fayil ko PDF, rubutun kuma ya zama manya. Abin da aka ɗora a status awa 24 kawai yake yi, kuma ba gayyata ba ce, sanarwa ce. Jerin turawa ga mutane da yawa lokaci guda bai wuce 256 ba, kuma wanda bai adana lambarki ba ba zai samu ba. Nan ne ake samun "ai ba a gaya mini ba".

Babban aibinsa shi ne ba ki da iko da inda zai kai. Don haka a yi iri biyu: na ɗaurin aure da kowa zai iya gani, da na walima ko kamu mai adireshin gida, wanda za a tura wa mutum shi kaɗai da sunansa. Ki kuma gargaɗi yara: duk "katin biki" da ya zo sunansa ya ƙare da .apk manhaja ce, 'yan damfara na amfani da irinta wajen karanta saƙonnin banki. Kada a buɗe.

A ba mai bugu aiki saura mako biyar, a fara rabon kati saura mako uku, na waya a tura saura mako biyu, sannan a tunatar ana jibi.