Na fara haɗa kiɗa a kwamfuta, amma gwiwata ta yi sanyi

Ɗan'uwa, ka ce wata 3 kana koyon haɗa kiɗa a kwamfuta, amma kullum sai ka ji naka bai kama ƙafar na ƙwararru ba, har kana tunanin dainawa. Kunnenka ne ya riga hannunka ƙwarewa, shi ya sa kake jin kurakuran tun ba ka iya gyara su ba.

Abin da ya fi kashe gwiwa shi ne ɗan guntun kiɗan nan mai zagayawa. Ka jera ganga, ka ɗora bes (sautin nan mai kauri), ya yi daɗi, sai ka raba dare kana maimaita shi. A gudun bugu 128 a minti, gaɓa 8 masu bugu huɗu-huɗu daƙiƙa 15 ce kacal! Ni ma kwamfutata ta taɓa cika da irinsu. Na kuɓuta ne da na ɗaura wa kaina ƙa'ida: duk mako sai na kammala kiɗa ɗaya na minti 2, ko da bai gamsar da ni ba. Ranar da na saurari na farko da na 10 a jere, na ji bambancin da kunnena.

Kada ka riƙa tsalle tsakanin manhajojin haɗa kiɗa, daga FL Studio zuwa Ableton Live. Riƙe ɗaya har hannunka ya saba. Ka kuma rage tara sautukan da ba ka amfani da su.

Daidaita sauti na ƙarshe kuwa, ka kai wa gogaggen injiniyan sauti ya saurara. In kunnenka ya fara ƙara bayan ka cire abin saurare, rage murya, ka ga likitan kunne ba da jinkiri ba.