Amsa: Dalilin da zazzaɓi ya fi tsananta ga wanda ya daɗe a waje

Malam, ka tambayi me ya sa ƙaninka da ya shekara shida a Ingila ya dawo Daura da damina, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi sosai, alhali kai ciwon kai kaɗai kake yi. Allah ya ƙara masa sauƙi.

Duk sanda sauro ya zuba mana ƙwayar cutar, jini na ƙera sinadaran garkuwa da ke gane sunadaran jikinta su manne mata. Matsalar ita ce, ƙwayar da ke haddasa zazzaɓin, wato Plasmodium falciparum, tana da kusan ƙwayoyin halittar gado 60 da take sauya rigar da ta lulluɓe jajayen ƙwayoyin jini da su. Ka gane wannan riga yau, gobe ta fito da wata. Shi ya sa garkuwar ke taruwa a hankali, shekara bayan shekara, kuma tana raguwa in cizon ya yanke, kamar yadda ya faru da ƙaninka.

Yara ƙanana su ne abin tausayi, domin garkuwar da suka samu daga uwa tana ƙarewa cikin watannin farko. Don Allah kada ku bari maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina ya wuce su, ku kuma rataya gidan sauro.