Fenti ba ya rufa wa kowa asiri

Ka ajiye mini ƙaramin jirgin saman nan naka na roba da ka haɗa a kan benci kana cewa, "Maigida, wane fenti zan koma saya? Wannan ya ɓare da na cire tef, ga layin haɗi ya fito a gadon bayan jirgin, gilashin matuƙi kuma ya yi fari fat." To ɗana, kada ka sayi komai tukuna. Na juya jirgin a hannuna, kuma a cikin abubuwa ukun nan babu wanda fenti ya jawo. Tun ran gini ran zane. Duk ɓarnar ta auku kafin ka buɗe kwalbar fenti.

Mu fara da ɓarewar. Robar nan narka ta ake yi a zuba a mazubi, wani lokaci kuma sassan kan fito da ɗan maiƙo a jikinsu. Ƙara da maiƙon yatsunka, tunda ka yi kwanaki kana jujjuya shi. Fenti, musamman na ruwa, wato akirilik, ba ya kama wuri mai maiƙo. Yakan kwanta ne kawai a sama. Saboda haka kafin ka yanke ko sashe ɗaya daga firam, wato sandunan robar da sassan ke zuwa maƙale a jikinsu, wanke su da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun ruwa, ka bar su su bushe da kansu. Kada ruwan ya yi zafi, roba za ta lanƙwashe. Bayan ka gama haɗawa ka sake goge shi, sannan ka fesa fentin shimfiɗa, firaima ke nan, mai ruwan toka. Shi ne ke riƙe roba ta ƙasa, ya riƙe fenti ta sama. Shi kuwa tef, wanda ake rufe inda ba a so fenti ya taɓa da shi, kafin ka manna, ɗora shi a bayan hannunka sau biyu ko uku ƙarfinsa ya ragu. In za ka cire, kada ka fizge shi sama. Kwantar da shi baya ka ja a hankali.

Layin haɗin nan shi ne inda nake so ka tsaya sosai, don a nan ake gane hannu. Jirginka ma'aunin 1:72 ne, wato kowace milimita ɗaya a jikinsa milimita 72 ce a jirgin gaske. Ramin rabin milimita da kake cewa ba komai, a jirgin gaske ya kusa santimita huɗu, yatsu biyu za su shige. Ido kuwa yana lissafin nan ko mai shi bai sani ba. Haka abin yake a tankar yaƙi ta 1:35 ko mota ta 1:24, sai dai a ƙaramin ma'auni laifin ya fi tsawa.

Ga yadda nake yi. Ba na yanke sashe daf da jikinsa. Ina barin ɗan tsini, daga baya in rage shi da aska in bi da samfefa. Sai in haɗa ɓangarorin biyu babu gam, in ɗaga su ga fitila. Inda haske ya ratsa, nan ne aiki yake. Sai sun zauna daram nake ɗauko gam. Kuma ka fahimci gam ɗin roba: ba manna abu yake yi irin na takarda ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama jiki ɗaya. Mai ruwa-ruwan nan, irin Tamiya Extra Thin, haɗa sassan za ka yi tukuna, ka taɓa bakin layin da ɗan buroshinsa, shi zai bi layin da kansa. Jira ɗan lokaci kaɗan, ka matse. Za ka ga narkakkiyar roba ta ɓullo siririya tsawon layin. Kada ka goge ta, ita ce za ta cike maka ramin. Bar ta ta kwana, gobe ka kankare da bayan aska, ka bi da samfefa lamba 400, sai 600, sai 1000, kana ɗan jiƙa ta da ruwa. In ka yi haka, foti, wato abin cike rami, kaɗan za ka buƙata, wani lokaci ma ba za ka taɓa shi ba. Amma kula da yatsanka: in gam ɗin ya bi ƙarƙashinsa, zanen yatsanka zai zauna a jikin jirgin. Ni ma na taɓa buga wa wani fiffike irin wannan hatimi, sai da na yi yini guda ina gogewa.

Firaima ma tana da aiki na biyu a nan. Da ka fesa ta, duk ramin da ya ɓuya zai fito fili. Gyara, sake fesawa, sake dubawa. Ya fi maka sauƙi ka gani yanzu da ka gani bayan launi uku.

Gilashin kuwa maganarsa gajeriya ce. Sufa gulu ka sa, tururinsa ne ya kwanta a kai ya yi farin nan. Sassa masu gani-garau farin gam na katako ake sa musu, ɗigo kaɗan a bakin tsinken sakace. Yana bushewa ba a ganinsa, abin da ya malalo kuma ɗanyen tsumma zai ɗauke.

Yanzu fentin kansa, tunda shi ka tambaya. Naka ya yi kauri, ga sawun buroshi nan, ya cike ƙananan zanen da ke jikin fiffike. Sirka shi ya koma kamar madara, kowane iri da abin sirkinsa: akirilik da ruwa ko tinarsa, enamel, wato fentin mai, da tasa tinar. Shafin farko zai yi muni, roba na leƙowa, ranka zai ce ka ƙara. Kada ka ƙara. Bar shi ya bushe, ka yi na biyu, ka yi na uku. Akirilik yakan bushe a taɓa cikin rabin awa, amma bushewar taɓawa daban, ƙanƙamewa daban. Ba ni manna tef sai ya kwana. Enamel ya fi son jinkiri, ba shi kwana ɗaya ko biyu. Kuma kada ka fesa laka, wato fentin nan mai zafin tina, a kan enamel ko akirilik da kauri, zai cinye na ƙasa ya yamutse. Mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Duk lokacin da za ka yi feshi, buɗe taga, ka sa abin rufe hanci mai matata. Ƙyalle ba ya tare tururin tina.

Tambarin ruwa da za ka manna daga baya, wato ƙananan alamomin nan da ake jiƙawa a ruwa a ɗora wa jirgin, sa banish mai sheƙi tukuna. A kan fenti marar sheƙi iska na maƙalewa a ƙarƙashinsu, gefensu ya riƙa walƙiya kamar azurfa. In sun bushe sai ka rufe da banish marar sheƙi.

Na kuma lura kana durƙusawa ƙarƙashin benci kana lalube. Ƙananan sassan nan in ka yanka su tsalle suke yi. Sa firam ɗin cikin farar leda ka yanka a ciki, ko ka manna ɗan tef a kan sashen kafin ka datse. Da matsefata ma kada ka matsa da ƙarfi, harba shi za ta yi. In za ka yi musu fenti, maƙala kowanne a kan tsinke ka soke a guntun soso, hannunka bai taɓa ba.

Wannan jirgin kada ka jefar. Cire gilashin a hankali, goge layin bayan nan har sai farcenka ya wuce bai tsaya ba, ka fesa firaima, ka kawo mini jibi mu duba shi a gaban fitila.