Filin Tambaya da Amsa: Gwada Manhajar Gyaran Rubutu ta Layin Umarni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Na rubuta 'yar manhaja da Python, na sa mata suna gyara. Daga taminal ake kiranta, ta karanta fayil, ta mayar da k' da d' da b' irin na tsofaffin rubuce-rubucen intanet zuwa ƙ da ɗ da ɓ. Matsalata, duk sanda na taɓa wani wuri a kod ɗin sai wani wurin ya lalace, ba na ganewa sai an kawo mini ƙorafi. Malaminmu ya ce in rubuta gwajin da zai riƙa gudanar da kansa. Ta ina zan fara?
*Wani ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara daga waje, wato ka kira manhajar yadda mai amfani da ita yake kiranta, kafin ka shiga gwada ayyukan da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. Abu huɗu manhajar layin umarni take bari a bayanta: abin da ta fitar ta stdout (hanyar fitar sakamako), abin da ta faɗa ta stderr (hanyar fitar saƙon kuskure), lambar da ta fita da ita (mai nuna ko aikin ya yi nasara), da halin da ta bar fayil a ciki. Masu farawa na farkon kaɗai suke dubawa, shi ma da ido.

Ka buɗe folda mai suna `gwaji`. Kowane gwaji ya samu tasa foldar a ciki, da fayil uku: `shiga.txt` shi ne abin da za a ba manhajar, `amsa.txt` shi ne abin da ya kamata ta fitar, `lamba` kuma yana ɗauke da lambar fita, 0 idan komai lafiya. Sai wannan ɗan rubutun bash, wato harshen umarnin taminal:

```
export LC_ALL=C.UTF-8
faduwa=0
for d in gwaji/*/; do
  t=$(mktemp -d)
  ./gyara < "$d/shiga.txt" > "$t/fita" 2> "$t/korafi"
  lamba=$?
  if cmp -s "$t/fita" "$d/amsa.txt" && [ "$lamba" -eq "$(cat "$d/lamba")" ]
  then echo "ya wuce: $d"
  else echo "ya faɗi: $d"; faduwa=1
  fi
  rm -rf "$t"
done
exit $faduwa
```

Da gangan muka zuba sakamakon a fayil muka kwatanta da `cmp`. Da yawa sukan rubuta `sakamako=$(./gyara ...)` su kwatanta shi da jimla. Bash tana share duk alamomin sabon layi da ke ƙarshen abin da `$( )` ya kamo, saboda haka ko manhajarka ta cinye alamar ƙarshen fayil, ko ta ƙara layi uku babu komai a ciki, gwajin zai ce ya wuce. Shi `cmp` bayit-bayit yake bi, yana fita da 0 idan fayilolin ɗaya ne, 1 idan sun bambanta, 2 idan ya kasa buɗe ɗaya daga ciki. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aiki bai sani ba, don akwai bayit ɗin da allo ba ya nunawa. Idan gwaji ya faɗi alhali kana ganin rubutun iri ɗaya, ka sa `od -c` ko `cat -A` a kan fayilolin biyu.

`lamba=$?` kuma dole ya biyo bayan kiran manhajar nan take. Ko `echo` ɗaya ka sa a tsakani, lambar `echo` za ka kama.

Game da abin da za ka zuba a `shiga.txt`, kar ka ɓata lokaci kan jimloli ashirin masu kama da juna. Ka nemo wuraren da manhaja irin taka ke tuntuɓe. Fayil wanda babu komai a cikinsa. Fayil wanda layinsa na ƙarshe ba shi da alamar ƙarshen layi. Manyan haruffa, K' da D' da B'. Kalma irin 'ya'ya, wadda bai kamata a taɓa ta ba idan rubutun Najeriya kake bi. Sai wanda ya fi kama mutane: kalmar da ke cikin alamar zance ta kuma ƙare da k, d ko b, kamar 'Malik' ko 'Ahmad'. Manhajar da ke sauya kowane d' za ta mayar da shi Ahmaɗ, ta cinye alamar rufewa. Ka yanke hukuncin abin da ya dace ya faru, misali a sauya kawai idan harafi ne ya biyo bayan waƙafin, ka rubuta hukuncin a matsayin gwaji. Shi kansa waƙafin saman ba ɗaya ba ne: akwai miƙaƙƙe na allon madannai, U+0027, akwai lanƙwasasshe da Word ke sauyawa da kansa, U+2019, akwai kuma U+02BC. Kowanne ya samu nasa gwajin.

Da hannunka za ka rubuta `amsa.txt`, ko ka karanta shi layi-layi kafin ka ajiye. Wanda ya kwafe abin da manhajar ta fitar ya mai da shi amsa bai duba ba, kuskurensa ya ba wa lasisi. Bayan ka gama, ka lalata kod ɗin da gangan, ka cire layin da ke kula da B' misali, ka ga ko wani gwaji zai faɗi. Idan duk sun wuce, akwai gwajin da ba ka rubuta ba tukuna.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gwaje-gwajena suna wucewa a kwamfutata mai Ubuntu, amma abokiyar aikina mai Windows ta ce kalmar ƙasa tana fito mata Æ™asa, wani lokaci ma manhajar ta tsaya cak. Kuma fayilolinta ba sa karɓar gyaran ƙarshen layi. Laifin gwajin ne ko na manhajar?
*Wata malamar makaranta, Daura*

Amsa: Barka kadai, Malama. Laifin manhajar ne, gwajin kuma ya rufa mata asiri.

A tsarin UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne: ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. Idan an kira `open()` a Python ba a faɗi tsarin ba, tana ɗaukar na kwamfutar, wanda a Windows mai saitin Turanci galibi cp1252 ne. A can C6 yana nufin Æ, 99 yana nufin ™, ga Æ™asa ɗinki. Tsayawa cak ɗin ma tana da dalili. Babban Ɓ shi ne C6 81, kuma 81 ba shi da harafi a cp1252, sai Python ta jefa UnicodeDecodeError. Haka idan manhajar ta zo rubuta sabon ƙ, cp1252 ba ta da shi, sai UnicodeEncodeError. Maganin shi ne `encoding="utf-8"` a duk inda aka buɗe fayil. Ki tanadi gwaji ɗaya mai ɗauke da duka takwas, ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu, don kin ga ba iri ɗaya suke karyewa ba.

Ko a Linux ɗin akwai tarko. Idan manhajar tana jingina da `tr` na GNU, wato umarnin musanya haruffa, ki gwada `printf 'ƙasa' | tr 'ƙ' 'k'`, za ki ga kkasa, don `tr` bayit yake ƙirgawa, ya ɗauki ƙ a matsayin abu biyu. Haka umarnin gyaran rubutu `sed 's/./X/'` a ƙarƙashin `LC_ALL=C` rabin harafin kawai zai sauya ya bar ɗaya bayit ɗin a yashe. Shi ya sa ake kafa saitin harshe a cikin gwajin kansa, ba a dogara da na kwamfutar. Mu mukan so a gudanar da gwaje-gwajen sau biyu, da `C.UTF-8` da kuma `C`, don sabobi da yawa da saitin `C` suke zuwa.

Batun ƙarshen layi kuwa, Windows tana rufe layi da bayit biyu, `\r\n`, Linux da ɗaya, `\n`. Umarni irin `s/ne$/ce/` ba zai kama komai ba a fayil ɗin Windows, saboda akwai `\r` a ɓoye tsakanin kalmar da ƙarshen layin. Wurare uku ne wannan ke kuɓucewa gwaji. Na ɗaya, idan da pytest, manhajar gudanar da gwaji ta Python, kike aiki kika sa `text=True` a `subprocess.run`, Python za ta mayar da `\r\n` zuwa `\n` kafin ki kwatanta; ki cire shi ki kwatanta bayit. Na biyu, `open()` a yanayin rubutu ita ma tana yin wannan sauyin wajen karantawa, har manhajar ta canza ƙarshen kowane layi ba wanda ya sa ta; `newline=""` ke hana hakan. Na uku shi ne Git, manhajar adana tarihin kod: idan `core.autocrlf` na kunne, zai iya sauya fayilolin gwajin da kansu. Ki sa layin `gwaji/** -text` a `.gitattributes` don ya ƙyale su yadda suke.

Ki ƙara gwaji ɗaya na fayil mai farawa da EF BB BF, alamar da wasu manhajojin Windows ke maƙalawa a farkon fayil ɗin UTF-8. Ba a ganinta, amma tana hana `^` kama kalmar farko ta layin farko.

Tambaya: Salam. Manhajata tana gyara fayil a inda yake, kamar `sed -i`. An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, batirin kwamfutar kuma ya mutu tuni, na tarar da fayil ɗin babu komai a ciki. Ana iya gwada irin wannan, ko sai dai addu'a?
*Mai shagon buga takardu, Rafin Daɗi, Katsina*

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Addu'a tana nan, amma ana gwadawa.

Da zarar an buɗe fayil da `"w"`, an share abin da ke cikinsa tun kafin a rubuta harafi ɗaya. Dalilin ke nan ma da `sed ... fayil > fayil` ke barin fayil wayam: bash ce ke fara buɗe shi ta share, sannan sed ya zo karantawa. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta sakamakon a fayil na wucin gadi, a kira `flush` da `os.fsync` don ya sauka kan faifai, sannan `os.replace` ya ɗora shi a kan na asali. A Linux wannan ɗorawar taki ɗaya ce, ko tsohon fayil ko sabo, babu rabi. Sharaɗin shi ne na wucin gadin ya zauna a folda ɗaya da na asali. Idan ka ajiye shi a `/tmp` alhali fayil ɗin yana kan filashi, `os.replace` zai ƙi, don ba ya tsallaka faifai.

Wajen gwaji, kar ka bi hanyar kunna manhajar, ka jira daƙiƙa ɗaya, ka kashe ta da `kill -9`. Yau zai kama, gobe manhajar ta riga ta gama, kuma gwajin da ke faɗuwa yau ya wuce gobe ba a daɗewa ake daina kula shi. Ka sa rubutun ya gaza ta hanyar da ba ta canzawa:

```
sha256sum babba.txt > kafin
( ulimit -f 1; ./gyara -i babba.txt )
sha256sum -c kafin
```

A bash, `ulimit -f 1` yana hana rubuta fayil da ya wuce bayit 1024, saboda haka `babba.txt` ya fi haka girma. Abu uku za ka tabbatar: manhajar ta fita da lambar da ba 0 ba, fayil na asali bai canza ba, kuma ba a bar tarkacen fayil na wucin gadi a foldar ba. Na cikar faifai kuma Linux ta tanadi `/dev/full`, wanda duk rubutun da aka tura masa yake ƙi da cewa wuri ya ƙare, `./gyara < shiga.txt > /dev/full` bai kamata ya fita da 0 ba.

Ita wannan hanyar tana da nata ɓarnar da ya kamata gwaji ya tsare. `mkstemp`, mai samar da fayil na wucin gadi, yana ƙirƙirar fayil da izinin 600, wato mai shi kaɗai ke iya karantawa da rubutawa, don haka fayil ɗin da kowa ke karantawa zai koma na mutum ɗaya idan ba ka kwafe izinin da `shutil.copymode` ba. Ka sa `chmod 644` kafin gwajin, ka duba `stat -c %a` bayansa. Idan kuma fayil ɗin mahaɗi ne mai nuni zuwa wani fayil, ɗorawar za ta maye gurbin mahaɗin ta bar na ainihin ba gyara. Shi kansa sed na GNU haka yake yi sai an ba shi `--follow-symlinks`.

Wani abin lura: gwajin hana izini ba ya aiki idan root, wato asusun mai cikakken iko a kwamfutar, ne ke gudanar da shi, don `chmod` ba ya tare root, kuma a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da aiki a keɓantaccen muhalli, galibi root ake zama.

Tambaya: Da bats da pytest wanne ya fi wajen rubuta gwajin manhaja? A waya nake koyo, da Termux.
*Wata ɗaliba, Sabuwar Unguwa, Katsina*

Amsa: Idan da Python kika rubuta manhajar, ki ɗauki pytest, 'yar'uwa. `pkg install python` sannan `pip install pytest` sun wadatar a Termux, `tmp_path` yana ba kowane gwaji sabuwar folda, kuma ki riƙa sa `timeout=5` a `subprocess.run`, don manhajar da ta zauna jiran stdin kar ta riƙe gwajin har abada. Bats ya dace da wadda aka rubuta da bash, sai dai `$output` ɗinsa shi ma yana zubar da alamomin ƙarshen layi na ƙarshe, saboda haka can ma a koma ga `cmp`.

Gwaji biyu masu arha da za ki ƙara ko wanne kika zaɓa. Ki bi da fayil ta cikin manhajar sau biyu, sakamako na biyu ya zama daidai da na farko. Idan kuma manhajar tana yin sauyi irin na sed, ki ba su aiki ɗaya ki kwatanta amsoshinsu. Tun wajen 1974 da Lee McMahon ya rubuta sed a Bell Labs ake tace halayensa. Ki dai lura da wane sed ne a gabanki: na GNU yana karɓar `-i` shi kaɗai, na macOS kuwa sai an rubuta `-i ''`.